Burodin Shekari Da Ba Shi Da Suna

Jama'ar wannan shafi, labarin yau ba na dariya ba ne. Ni kaina duk sanda na tuna shi sai jikina ya yi sanyi. Masu sana'a, ku karanta a tsanake.

Akwai wani mutum a Kakuri, nan kudancin Kaduna, ana ce masa Shekari. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana aiki a masaƙa, sai a 1984 aka yi ragin ma'aikata, abin ya rutsa da shi.

Bai zauna yana kuka ba. Ya tattara abin da aka sallame shi da shi, ya gina tanderu a bayan gidansa, ya koma sana'ar burodi da ya koya wurin kawunsa tun yana saurayi. Wannan tanderun shi ne komai nasa. Da shi yake ciyar da matarsa Juliana da 'ya'ya huɗu, babbarsu Celina.

Burodi kuwa, wallahi sai wanda ya ci. Ga laushi, ga nauyi a hannu, ya kwana uku bai bushe ba. In ka tsoma shi a shayi ba ya narkewa ya bar ka kana farauta da cokali.

To amma Shekari yana da wani hali. In ya gasa, sai ya zuba a farar leda ya ƙulle baki, shi ke nan. Ba suna, ba adireshi, ba wata alama. Da safe dillalai masu keke su zo su loda a akwatin katako, babbansu wani Sani. Su kuwa dillalan ba nasa kaɗai suke ɗauka ba. Suna haɗawa da na wasu ƙananan gidajen burodi uku ko huɗu, duk gwangwanin gashi iri ɗaya, leda iri ɗaya, su bazu Sabon Tasha da Nassarawa. Mai saye sai dai ya matsa da yatsa ya zaɓi mai kyan, bai san daga hannun wa ya fito ba.

A bakin layinsu akwai wani Cyril, mai ɗan shagon buga katin biki. Ya fi sau goma yana tare Shekari a hanya, yana ce masa ya bari ya buga masa 'yar takarda da sunansa da unguwarsa, a riƙa sakawa cikin leda. Har samfuri ya yi masa kyauta, da jan rubutu.

Shekari ya juya takardar gaba da baya, ya miƙa masa abarsa.

"Oga Cyril, burodi ake ci ko takarda? Masu burodin banza su ke neman ado. Nawa ƙamshinsa ya ishe shi."

"Oga Shekari, ƙamshi ba ya faɗin sunan mai shi fa," in ji Cyril.

Juliana ma ta sa baki a gida. Ta ce a coci mata na yabon wani burodi mai nauyi da Sani ke kawowa, in ta ce na mijinta ne sai su yi mata kallon mai cika baki. Ta ce ko don wannan ya kamata a sa suna. Ya ce ita dai tana son a san ta ne. Mutumin nan fa yana da taurin kai, in ya ce a'a ko limamin cocinsu ya zo ba zai sauya ba.

Haka aka tafi shekara uku, kasuwa na gudu, shi kuma yana ganin ai ga shi ya yi gaskiya.

Sai 1987 ta zo, gwamnati ta hana shigo da alkama daga waje. Fulawa ta yi wuya, wadda ake samu kuma ta yi tsadar tsiya. Nan fa masu burodi suka shiga dabaru. Wani ya haɗa da garin rogo, wani da na masara, wani ma buhun da ya sha ruwa ya fara wari shi zai kwaɓa. Shekari ya rantse ba zai yi algus ba. Ya rage yawan abin da yake gasawa, ya haƙura da riba, burodinsa na nan yadda aka san shi. A nan kam dole a yaba masa.

Ana nan, aka yi wani biki a Sabon Tasha, aka raba shayi da burodi. Kafin yamma mutum sun fi ashirin suna murƙususun ciwon ciki, har aka kwantar da wasu a asibiti. Da aka bi diddigi, aka ce burodin ne. Na wane gida? Babu wanda ya sani. Abin da kowa ya iya faɗa kawai shi ne a farar leda yake, ba suna.

Ba na Shekari ba ne. Ranar ma ko ɗaya nasa bai je wajen ba. Amma wake ɗaya shi ke ɓata gari. Ranar Lahadi aka yi sanarwa a coci-coci cewa a guji burodi mara suna. A majalisu da teburan masu shayi maganar ke nan. Duba-gari suka fara tare masu keke, duk ledar da ba takarda a ciki su kwashe. Aka yi musu kuɗin goro, mai gaskiya da macuci.

Ranar Talata Sani ya dawo da akwati cike, ya sauke a ƙofar Shekari, ya ce ya yi haƙuri, ko ɗaya ba a taɓa ba. Ya ce shi ma yana da iyali, daga gobe na manyan gidaje masu takarda zai riƙa ɗauka. Shekari ya roƙe shi ya gaya wa mutane nasa daban ne. Sani ya ce ya faɗa har bakinsa ya gaji, ana ce masa ai dillali ba ya kushe kayansa.

Shekari ya ɗauki burodi shida a buhu, ya fita da ƙafarsa. Ka ji abin tausayi: shekara uku mutane na cin abin hannunsa, amma bai san teburin mai shayi ko ɗaya ba, su ma ba su san fuskarsa ba. Duk inda ya tsaya ya ce shi ne mai burodin nan mai nauyi, sai a ce Allah ya ba da sa'a. Ya gutsura ya ci a gabansu, ya ce su ɗanɗana kyauta. Wani ya ce ya rufa masa asiri ya matsa daga gaban teburinsa, kada masu shan shayi su gani su watse.

Ya dawo gida ƙafa duk ta kumbura. Juliana ba ta ce masa ai na faɗa maka ba. Ruwa kawai ta kawo masa, ta ce, "Baban Celina, je ka wurin Cyril."

Ya je, kansa a ƙasa. Cyril mutumin kirki ne, bai yi masa gori ba, kwana biyu ya buga masa takardun. Shekari ya sayi fulawa da ɗan abin da ya rage, ya gasa, ya saka takarda a kowace leda, ya ɗora a keken aro ya fita da kansa.

Ihu bayan hari. Mutane suka ɗaga leda suka karanta, suka ce wannan sunan ba su taɓa jin sa ba. Sunan da bai fito ba sai bayan an kwantar da mutane a asibiti? Ai wannan shi ne mai laifin, ya sake riga. Takardar da za ta cece shi da ya saka ta shekara uku baya, yanzu ita ta ƙara jawo masa zargi.

Ba wanda zai kai ƙara, ba wanda zai yi wa bayani. Ba mutum ɗaya ke zarginsa ba balle ya je ya same shi. Ya gasa sau huɗu, sau huɗu burodi na yin funfuna a ɗaki, Juliana na kwasa tana ba masu kiwon aladu. Ran nan ta same shi zaune a gaban tanderu, babba da shi, yana hawaye. Ya ce mata bai cuci kowa ba, kuma bai san ƙofar da zai buga ba.

Kafin Kirsimeti wuta ta mutu a tanderun. Ya sayar da gwangwanaye da teburin kwaɓi, ya samu aikin gadi a wani shagon katako a Sabon Tasha.

Wata rana da hantsi yana zaune a benci wurin mai shayin da ke kusa da shagon, sai ga wata dattijuwa, Baba Dije, ta zo sayen burodi. Ta matsa wannan, ta matsa wancan, ta yi tsaki. Ta ce wa mai shayin duk iska ce a ciki. Ta ce a da akwai wani burodi mai nauyi da masu keke ke kawowa, shi kaɗai mijinta ke iya ci lokacin da yake jinya, shekara biyu bai taɓa ɓata masa ciki ba. Ta ce da aka yi rikicin nan ta so ta tsaya wa mai shi, ta bi gida-gida ta shaida, amma ba ta san wa za ta ce ba.

Shekari ya ajiye kofinsa.

"Baba, ni ne. Ni nake yin sa."

Ta dube shi daga hular gadi har silifas, ta yi ɗan murmushi na tausayi.

"Allah sarki, ɗana. Kai ne na uku da ya gaya mini haka."

Ta ɗauki burodinta mai takarda, ta biya, ta tafi.

Darasi: Kyan kaya ba ya isa in ba a san mai su ba. Ka sa sunanka a kan aikinka tun ana zaman lafiya, ka fita ka san masu sayen kayanka su ma su san ka, domin ranar da wani ya yi ɓarna, wanda aka sani ne kaɗai ake iya karewa. In kana da ɗan'uwa ko aboki mai sana'a da ke cewa kayansa ba sa buƙatar talla, tura masa wannan tun wutarsa ba ta mutu ba.