Hannun Aro a Maƙerar Damo

An yi wani Biri mai fafar ƙwarya a gefen kurmi, gwani ne ƙwarai, sai dai bai yarda da kowa ba. Ko sannu ka yi masa, sai ya wuni yana tunanin abin da kake nufi. Maƙwabcinsa Kurege shi ma yana taɓa sana'ar, amma ba shi da wuƙa, da tsingaro yake kankarar 'yan dumansa. A bakin rafi kuma akwai Damo maƙeri, sarkin haƙuri.

A shekarar nan duman Biri ya yi kyau, har guda arba'in. Saura kwana bakwai babbar kasuwar kaka ta ci, kuma abin da ya sayar ranar shi zai ci har baɗi. Ga shi wuƙarsa ta cinye. Sai ya ɗauki tsohon bakin garma, ƙarfe ɗaya tak da ya mallaka, ya nufi maƙera.

"Baba Damo, wuƙa nake so. Kuma na auna ƙarfen nan, kada in ga ya ragu."

Damo bai ko ɗaga kai ba. Ya miƙo masa curin yumɓu mai laushi.

"Damƙe wannan kamar yadda kake riƙe wuƙa. Ni ba na hura wuta sai na san hannun mai ita. Da shi zan zana tsawon ƙota da kaurinta, da gurbin babban yatsa."

Biri ya yi tsalle baya, ya cusa hannuwansa a hammata.

"A'a! Masu sammu sawun ƙafa suke ɗiba, kai kuma ka ci gaba, sawun hannu kake nema! Wa ya aiko ka?"

"Babu wanda ya aiko ni. Tafi da shi gida, in ka huce ka damƙa ka kawo."

A hanya Biri ya yi ta saƙa da warwara. Wuƙa dai dole ce, hannunsa kuwa ba zai bayar ba. Yana isa ya leƙa ta danga.

"Maƙwabci, zo ka matse wannan in ga ƙarfinka."

Kurege ya dubi yumɓun, ya dubi Biri.

"Yau kuma ni kake kira? Shekara uku ko gishiri ba ka taɓa karɓa a hannuna ba. Me ke ciki?"

"Wasa ne kawai. Ga gyaɗa tafi guda."

Kurege dai ba ya ganin gyaɗa ya kau da kai. Ya damƙe, ya karɓi abinsa. Biri ya yi murmushi, ya ce a ransa in asiri ne, can ya ƙare a kan Kurege. Kai, mugun hali bai yi ba!

Da ya mayar, Damo ya juya yumɓun ya sake juyawa.

"Wannan hannunka ne?"

"Nawa ne mana. Yumɓu in ya sha iska ai tsukewa yake."

"Fito da shi in gani."

"Ba zan fito da shi ba!"

Damo ya zana siffar wuƙa da gawayi a jikin allo, ya fere irinta da karan dawa, ya miƙa.

"To riƙe wannan ka gwada yanka. Kara ana sake shi, ƙarfe kuwa in ya sha wuta ya sha ke nan."

"Oho, wata dabarar ce kuma? Ba abin da zan taɓa. Ƙera mini kawai!"

"Shi ke nan. Abin da ka kawo shi zan ƙera."

Kwana huɗu ana jin zuga-zugi da guduma. Wuƙa ta fito tana ƙyalli, ga kaifi kamar aska. Amma da Biri ya kai gida ya kama ta, yatsu biyu kaɗai suka sami wuri a ƙotar, sauran suna lilo a kan kaifi. Mai hankali da nan zai tsaya. Shi kuwa gogan ya danna wa duma, wuƙa ta zame, duma ya tsage. Na biyu ya tsage, na uku ma haka. A na tara ta juya ta tsarge masa tafin hannu tun daga wannan gefe har wancan.

Ya ruga maƙera yana ihu, jini na ɗiga. Kurege ya biyo shi kallo.

"Na faɗa! Ka yi mini asiri! Wuƙarka ta sare ni!"

Ya yi jifa da ita. Kurege ya ɗauka don kada a taka, sai ta zauna masa a hannu daram, kowane yatsa da gurbinsa. Ya tsaya yana kallon hannunsa.

"Ga mai wuƙa nan," in ji Damo. "Kai ka damƙi yumɓuna?"

"Ni ne. Ya ce mini wasa ne."

"Ni kuma ya ce mini sammu ne."

Kurege ya juyo, jelarsa ta tashi tsaye.

"Au! Ashe ka yi zaton mutuwa ce a ciki, shi ne ka sayar mini da ita a kan tafin gyaɗa? To na saya, kuma ta zama tawa!"

Biri ya juya ya nufi gida, riƙe da hannunsa. Ba ƙarfe, ba hannu, kasuwa kuma saura kwana biyu.

Ranar kasuwa Kurege ya baje ƙore goma sha biyu, bakinsu sumul, kafin azahar an wawashe su. Biri na zaune a ƙofar gida da hannu ɗaure da tsumma, dumansa talatin da ɗaya a jibge, ko ɗaya ba a fafe ba.

Darasin wannan labari shi ne, ba a fafe gora ranar tafiya: kowane aiki a auna shi, a gwada shi, kafin a sa ƙarfe a wuta. Kuma wanda zargi ya sa ya ɓoye wa mai yi masa aiki gaskiya, ya tura maƙwabcinsa inda yake tsoro, da hannunsa zai miƙa wa wani rabonsa.