Nomau Mai Albasa da Awon Makara

An ce wai an yi wani ɗan kasuwa a Tungar Gawo, sunansa Nomau, mai fataucin albasa. Mutum ne mai tsantseni, ko akuya ba ya saya sai ya buɗe bakinta ya duba haƙora. Mahaifiyarsa, Inna Hajo, ta kamu da ciwon baya mai tsanani, har likita ya ce a riƙa kawo ta birni duk mako biyu, kuma a kwance, domin zama yana ƙara mata ciwon. A amalanken shanu ake kai ta bakin titi, tana nishi tun daga ƙofar gida. Da abin ya ishe su, Nomau da ƙanwarsa Tasalla suka sayar da fadamar da suka gada, suka ce a sayi mota.

Matambayi ba ya ɓata, sai Nomau ya shiga bincike. Ya zauna da direbobi a tasha, ya durƙusa da makanikai a ƙarƙashin motoci. Ya san wadda ke shan mai da wadda ke lasa, ya san wadda kayan gyaranta ke zube a kasuwa da wadda sai an aika Ikko, ya san wadda cikinta ke gogar ƙasa idan ta shiga yashi. Har tuƙi ya koya. Sai dai akwai wata igiya da yake yawo da ita a aljihu. Idan dillali ya juya baya, sai ya miƙa ta a cikin motar. In ta shige ta miƙe sambal, sai fuskarsa ta sauya, ya laƙa wa motar aibi, ya wuce.

Igiyar nan awon makarar masallacin garinsu ce. A ƙauyukanmu, wanda ya sayi mota bai saya wa kansa kaɗai ba. Shi ake nema idan naƙuda ta yi gardama, shi kuma ake roƙo ya ɗauko wanda ya cika a asibitin birni. Nomau kuwa ba abin da yake tsoro kamar gawa. Yana saurayi ya taɓa rako gawar kawunsa a bayan akori-kura, da rana tsaka. Motar ta faɗa rami, hannun mamacin ya zame daga cikin zane ya sauka a gwiwarsa. Tun daga ranar, in ya ji an yi shelar rasuwa, gwiwar nan takan yi sanyi kamar an zuba mata ruwan randa. Shi ya sa yake neman motar da mutum ba zai iya miƙewa a cikinta ba, don kada a roƙe shi.

Wata uku yana wannan yawo, damina tana matsowa, Inna Hajo tana ramewa. Daga ƙarshe ya zaɓi wata 'yar ƙaramar mota, dunƙulalliya kamar buzuzu. Da Tasalla ta gan ta, sai ta yafa mayafi ta nufi wurin alƙali Malam Zubairu.

Ta durƙusa ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ni ma ina da rabona a fadamar nan. Don Inna ta kwanta na yarda aka sayar. Yaya ya zaɓo abin da ko tunkiya sai an naɗe ta za ta shiga."

Alƙali ya sa aka kira Nomau, ya tambaye shi abin da ya bincika. Nomau ya zayyana masa komai, daga mai har taya, alƙali yana gyaɗa kai. Sa'an nan alƙali ya ce ya ji dillalai suna zancen wata igiya. Nomau ya sunkuyar da kai ya faɗi gaskiya. Ba wanda ya yi dariya a zauren, domin kowa ya san abin da ke tayar masa da tsigar jiki.

Malam Zubairu bai yi masa faɗa ba, bai kuma yi masa wa'azi ba. Ya aika wa dillali ya kawo motoci biyu, ƙaramar da Nomau ya zaɓa da wata doguwa da ya ƙi. Ya sa aka ɗura gero a dogon buhu mai nauyin mutum, aka naɗe shi da tabarma. Ya kira dattawa huɗu masu hidimar jana'iza, ya ce su ɗauka ɗan'uwansu ne ya cika a birni, kuma babu mota sai ƙaramar. Yaya za su yi?

Ko shawara ba su yi ba. Babbansu, Baba Jatau, ya buɗe ƙofar gaba, ya kwantar da kujerar da ke kusa da direba, suka zura naɗin, ƙafafu can baya, kai daidai gwiwar hannun mai tuƙi. Ya karkaɗe hannu ya ce, "Ai wannan gata ce, Malam. A babur ma mun ɗauko, a zaune tsakanin mutum biyu."

Alƙali ya ce Nomau ya tuƙa zuwa rafi ya dawo. Nomau ya shiga. Ya san gero ne, a gabansa aka ɗura shi. Amma da taya ta faɗa ramin farko, naɗin ya gangaro ya jingina da shi. A rami na biyu ya ji kamar an taɓa masa gwiwa. Bai kai rabin hanya ba ya tsaya, ya fito ya bar ƙofa a buɗe, ya dawo da ƙafa, rigarsa sharkaf da gumi. Aka ba shi ruwa. Da ya huta, aka mayar da naɗin cikin doguwar motar, ya kwanta can baya a ɗaure, da jerin kujeru tsakaninsa da direba. Nomau ya je rafi ya dawo, wannan karon a cikin mota.

Sai alƙali ya ce, "Nomau, ka auna ƙarfe, ka auna makara, ba ka auna mutanen garinku ba. Wanda ɗan'uwansa ya mutu ba ya duba girman mota, kai kuma ba ka da fuskar da za ka ce masa a'a. Ko a ƙaramar ko a babbar, sai ka ɗauko mamaci. Abin da ya rage maka zaɓi shi ne, a bayanka zai kwanta ko a gefenka. Kuma in ka naɗe mahaifiyarka a zaune a kan wannan hanya, ina tsoron ita ce ta farko da za ka fara ɗaukowa. An gudu ba a tsira ba ke nan."

Nomau ya sayi doguwar. Tasalla ta shimfiɗa katifa a baya, Inna Hajo ta yi damina huɗu ana kai ta birni a kwance, wani lokaci har barci take yi a hanya. Tsoron bai bar Nomau ba. Duk sa'ad da aka roƙe shi yakan je, leɓɓansa suna motsi da salati, ba ya waiwaye. Ranar da Inna Hajo ta cika a asibiti, direbobi uku suka ce za su karɓar masa tuƙin, ya ƙi. Shi ya kawo ta gida, a hankali, yana kauce wa kowane rami kamar yadda ya saba yi mata.

Saboda haka masu hankali suka ce, kafin ka auna abin da za ka saya, auna abin da za ka ɗauka a cikinsa. Wanda tsoro ya yi wa zaɓi, yakan sayo abin da yake gudu ya zaunar da shi a gefensa.