Sunan da Alhaji Sagir Ya Kankare

Alhaji Sagir Wada mutum ne da ba ya iya ba ka ruwan sha sai ya tabbatar akwai mai kallo. Yana da kyauta, wannan ba a musu, amma duk abin da ya taɓa sai ya liƙa masa sunansa. Rijiyar da ya haƙa a bakin kasuwa, allon sunansa ya fi bakin rijiyar faɗi. Har yau in na tuna abin da ya yi wa garinmu, raina ɓaci yake yi.

Garinmu yana kan hanyar Tudun Wada zuwa Doguwa, kuma muna da tsohon gidan wasa da ake kira Dandalin Baturiya. Iya Baturiya mai waina ce ta ba da filin gadonta shekara hamsin da suka wuce, lokacin da samarin gari suka rasa inda za su yi wasan kwaikwayo. Da gayya aka gina shi, ginin ƙasa mai doguwar fuska, magina suka zana sunanta da laka a saman ƙofa. Da aka fara nuna fim, wasu suka koma ce masa Silima. Da bidiyo ta shiga gidaje aka rufe shi, yara suka raɗa masa Gidan Jemagu. Shekara ashirin da uku yana kulle, amma bai faɗi ba, domin duk shekara kafin damina Baba Uzairu magini yakan tara mu a yi masa yaɓe, a shafe shi da makuba, a gyara indararo.

Bara ƙungiyar gari ta yanke shawarar a farfaɗo da shi, a riƙa wasa da taro a ciki. Alhaji Sagir ya miƙe ya ce kwanon rufi da kujeru duk a wuyansa. Muka tafa masa, muka naɗa shi shugaban aikin. Sai da tafi ya lafa ya faɗi sharaɗinsa: za a kankare tsohon suna, a kafa allon ƙarfe mai ɗauke da nasa.

Baba Uzairu ya ce, "Alhaji, ka dubi gabas, hadari ya fara haɗuwa. Ginin ƙasa in ka feɗe masa yaɓe a wannan lokaci, ruwa tubali zai shiga. Ka bari damina ta wuce."

"Baba Uzairu, siminti zan sa."

"Siminti ba ya kama ƙasa. Ɓarewa zai yi, ruwa ya kwanta a bayansa."

"To, ni ba zan tara baƙi daga Kano ranar buɗewa su zo su karanta sunan mai waina ba."

Maganar ta kai kunnen Iya Baturiya. Tana dogara sanda ta je har ƙofar gidansa, ga tsufa, ga ido ya yi rauni. Ta ce, "Sagiru, ɗan nan, ni ba suna ne ya kawo ni ba. Ka rubuta naka a duk inda ka so. Fuskar ginin kawai za ka bari. So nake in zauna a ciki sau ɗaya, in ji ana dariya kamar da, kafin Allah ya karɓi abinsa."

Ya ce, "Iya, ki je ki huta. Ranar buɗewa zan aiko a ɗauke ki a mota."

Washegari ya kawo leburori daga birni, waɗanda ba su taɓa kwaɓa ƙasa ba. Suka hau tsani da kurfi da guduma suka farfashe sunan. Suka huda bango wuri shida don ƙafafun allo. Indararo biyu da ke zubar da ruwan soro suka cire, wai suna tare harafin farko. Baba Uzairu ya zo da kwandon makuba zai toshe ramukan, Alhaji ya daka masa tsawa a gaban jama'a, ya ce kada wanda ya shafa masa laka kusa da allo. Mu kuwa muna tsaye, bakinmu ƙanin ƙafarmu, saboda muna kwaɗayin kwano. Wannan shirun namu shi ya fi ci mini rai.

Ruwan farko ya jiƙa bangon. Na biyu ya tsaga shi. Na uku ya sauka ranar kasuwa bayan la'asar, muna fake a rumfuna muka ji ƙara kamar tirela ta kife. Fuskar Dandali ta zube gaba ɗaya, ta ja soron da azararsa, allon ya lanƙwashe a ƙarƙashin laka. Allah ya tsare, babu kowa a ciki.

Da safe aka rako Iya Baturiya wurin. Ta tsaya, ta taɓa tarin ƙasar da sandarta. Sannan ta ce, "Ku mai da ni gida." Ba ta ga kakar shekarar ba, Allah ya karɓi abinsa.

Alhaji Sagir ya kwashe kwanonsa ya kai gonarsa. Amma abin da ya nema ya samu, domin wurin ya amsa sunansa. Duk motar da ta taso daga Tudun Wada, in ta iso daidai nan, sai ka ji kwandasta ya ɗaga murya: "Kangon Sagir, akwai mai sauka?"

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Wanda ya goge sunan wani don ya rubuta nasa, mutane za su riƙe sunan nasa, amma da ɓarnarsa za su haɗa shi. Idan an ba ka gyaran abin da wasu suka gina, ka saurari waɗanda suka san shi kafin ka ɗaga guduma. Kuma idan ka ga mai girman kai zai rushe abin jama'a, kada kwaɗayin kyautarsa ya rufe maka baki kamar yadda ya rufe mana.