Shuwakar Mama a Gomari

Akwai wata mata a unguwar Gomari mai suna Phebe, ana ce mata Maman Yoila, 'yar kudancin Borno. Da aka binne mahaifiyarta, abu ɗaya ta ɗauko daga ƙauye: rassan shuwakar da marigayiyar ta dasa a bayan ɗaki. Daga baya aka share wajen aka yi gini, shuwakar Mama ta rage sai wadda ke hannunta.

Ranar da ta dawo Gomari, maƙwabciyarta Kellu ta leƙo tana cikin dashen rassan.

"Maman Yoila, ki sam mini ɗaya mana."

Ran Phebe bai so ba. Ta juya rassan, ta sake juyawa, ta zaɓi mafi ƙanjamewa ta miƙa mata. Kyauta dai an yi, ko da da ƙyar ne.

"Naki ma ki matsar da su gindin darbejiya," in ji Kellu. "Ranar garin nan ba ta da kunya."

"Ya Kellu, a gida a fili take, ko ban-ruwa ba a yi mata. Na fi kowa sanin halinta."

Kullum da yamma sai ta zauna gaban rassan ta lumshe ido. Duwatsun garinsu su taso, gajimare na sauka a kansu, raɓa na ɗiga daga ganye. Ta ga Mama tana murza shuwaka a ƙwarya, kumfa na bin yatsunta, har ƙanshin miyar take ji.

Amma yashin Gomari bai san wannan mafarkin ba. Da zafi ya kankama, rassan suka bushe ɗaya bayan ɗaya. Ranar da na ƙarshe ya karye a hannunta, ta yi kuka kamar yau aka yi rasuwar.

Kellu ta jiyo ta, ta zo ta kama hannunta har gidanta. A gindin darbejiya, inda ruwan randa ke tsiyaya, ƙanjamammen reshen nan ya zama kore shar, ya kai ƙugu.

"Darbejiyar ma baƙuwa ce, daga nesa aka kawo ta," in ji Kellu. "Ta san yadda ake karɓar baƙo. Yanki naki."

Phebe ta tsinki ganye ta tauna. Ɗacin ya ratsa ta, zaƙi ya biyo baya. A hankali ta ce, "Mama."

Darasi: Abin da ya rayu a fili a garinsu yana iya neman inuwa a baƙon wuri, don haka ka saurari waɗanda ka tarar. Ɗan alherin da ka yi da ƙyar kuma, wata rana shi zai dawo maka da abin da ka rasa. Ku tura wa duk wanda ke zaune nesa da gida.