Shafi na Sittin da Uku

An yi wani mutum a nan Jimeta, malamin jami'a a sashen noma. Ba zan kama sunansa ba, don yana raye. Yana da digiri uku, da mota, da gidan kansa. Ga mahaifiyarsa, da yake kira Dada, zaune lafiya a unguwar Adarawo, kowace Juma'a yana zuwa cin tuwonta. To me ya rasa, ya 'yan uwa? Wallahi babu, sai kwanciyar rai.

Ofishinsu ɗaya da Dokta Absalom, mutumin wajen Michika. Shekarar da masu tayar da ƙayar baya suka kori mutanen yankin, danginsa na cikin waɗanda suka gudo Yola. Da abubuwa suka lafa, Absalom ya yi shekara bakwai yana bin manoman da suka koma gida, yana rubuta irin dawa da gero da wake da suka tsira, da waɗanda suka ɓace. Ya fitar da littafi. Aka yi ta yabo, har a rediyo aka kira shi. Ya sa hannu a kwafi ɗaya ya miƙa wa abokin ofishinsa, ya ce, "Ɗan'uwa, ga naka."

Mutumin nan ya karɓa da hannu biyu yana "Madalla, madalla". Ya jefa littafin a durowa ya kulle. Sau uku yana ɗauko shi zai karanta, da ya ga sunan Absalom a bango sai ya mayar. In ya ji ɗalibai sun ambaci littafin, ranar ko abinci ba ya masa daɗi. Shi da ya riga Absalom fara aiki da shekara biyar, wai ɗan gudun hijira ne zai fi shi suna? Haka Shaiɗan ya yi ta hura masa.

Ana nan sai Absalom ya tafi koyarwar shekara ɗaya a wata jami'a, aka ba mutuminmu darasinsa, da sababbin ɗalibai wajen ɗari biyu.

Ku saurara da kyau, jama'a. Ba wanda ya hana malami kwafar littafi don koyarwa, amma da ƙa'ida. Ka ɗauki 'yan shafuka ko babi guda, ka bar sunan mai shi a kai, ka gaya wa ɗalibai inda ka samo. In dukan littafin kake so, ka nemi izinin wanda ya rubuta. Waya ɗaya zai buga, Absalom ya ce bismilla. Amma ta yaya mai hassada zai buɗe baki ya roƙi wanda yake wa hassada?

Sai ya ɗauki littafin ya nufi Sangere, shagon wani mai fotokwafi, Nicodemus. Ya yage bango da shafukan farko, ya ɗora sabon bango da sunansa da manyan baƙaƙe. Nicodemus ya duba ya ce, "Oga, wannan littafi na Dokta Absalom ne fa. Shi ya yarda?"

"Kai aikinka danna inji ne ko tambaya?"

Kada ku ce kwaɗayin kuɗi ne. Kyauta ya raba! Abin da yake so ɗaya ne, yara ɗari biyu su gama shekara sunansa ne a bakinsu, ba na Absalom ba. Kuma har ranar bai karanta abin da ya sata ba. Kanun babi kawai yake leƙawa, ya shiga aji ya yi ta zuba daga tsohon karatunsa.

Wata Talata da hantsi, aji ya cika maƙil, wata ɗaliba mai suna Lilian ta ɗaga hannu. Ta miƙe da kwafinta. Ta ce, "Malam, shafi na sittin da uku. Ka rubuta cewa mamanka ce ta ɗauro irin farar dawa a bakin zane lokacin gudu, ta mutu a hanya kafin Hong. Malam, muna tare da ita. Shekarata tara. Babana da wasu maza biyu suka tona mata kabari da fartanya. Ba mu san sunanta ba. Har ya mutu yana cewa da zai ga 'ya'yanta, da ya nuna musu wurin."

Mutumin nan ya buɗe shafin, karon farko a rayuwarsa, ya ga maganar ɓaro-ɓaro. A nan Allah ya buɗe masa ƙofar tuba, ya 'yan uwa. Da ya ce, "Ba ni na rubuta ba," da shi ke nan. Amma faɗin haka yana nufin ya ambaci sunan Absalom a gaban aji, kuma harshensa ya ƙi.

Sai ya sunkuyar da kai, ya share ido, ya ce, "Haka ne. Allah ya jiƙanta."

Inna lillahi! Uwarsa tana Adarawo tana tsince shinkafa, shi yana nan yana karɓar gaisuwar mutuwarta. Yara suka yi ta kuka. Wani ya ɗauka a waya don tausayi, ya watsa. Kafin La'asar hoton ya isa wurin Absalom, wanda ya shekara goma yana neman kabarin mahaifiyarsa. Ya kira Lilian, ta kwatanta masa wurin, ya samu abin da yake nema.

Mutuminmu kuwa kwamiti ya zauna a kansa. Aka ajiye littafin da kwafin gefe da gefe, ko waƙafi bai bambanta ba. Aka kore shi. Amma korar ba ita ce babba ba. Mata biyu daga Njuwa, da suka ga hoton ba su san gaskiya ba, suka yafa mayafi suka zo Adarawo ta'aziyya. Dada ce ta buɗe musu ƙofa.

Da ya zo ranar Juma'a, ta zuba masa tuwo kamar kullum, ta ajiye. Ta ce, "Ci. Amma kar ka ƙara ce mini Dada. Ka riga ka binne ni." Har yau in ya gaishe ta, bango take kallo.

Ya 'yan uwa, rubutun mutum guminsa ne, wani lokaci har da hawayensa a ciki. Wanda ya kankare sunan marubuci ɓarawo ne, ko da kyauta ya raba, ko da mai littafin ba addininku ɗaya ba. Malamai, ku kwafa iya abin da aka halatta, ku nemi izini, ku faɗi sunan mai shi da bakinku. In kun ji sunan ya yi muku nauyi a harshe, to ku binciki zuciyarku tun da wuri, ciwon yana can.

Allah ya wanke zukatanmu daga ƙyashin abin da ya ba wani. Allah ya kiyaye mu da ranar da iyayenmu za su juya mana baya. Amin.