Tukunyar Dalma a Tsakar Gida

Akwai wani mutum mai suna Falih a wani ƙauye kusa da Basra, a bakin kogi. Sana'arsa yin dalmar koma, 'yan dunƙulen nan masu nauyi da masunta ke ɗaurawa a bakin koma don ta nutse. Tsofaffin batiran mota yake saye, ya fasa su da gatari, ya zare dalmar ya narka.

Aiki kam ya iya shi, ba a ja. Ciwonsa ɗaya ne: ba a gaya masa magana. In ka ce masa ga rami nan, sai ya faɗa don ya nuna maka da gangan ya yi.

A tsakar gida yake hura wutarsa, dab da tanderun da matarsa Nuriya ke gasa gurasa. A nan kuma 'yarsu ɗaya tilo, Banin, take wasa. Shekararta huɗu, bakinta ba ya hutawa. Har masunta kan tsaya a ƙofa don kawai su tsokane ta su ji amsa.

Nuriya ta sha cewa, "Baban Banin, hayaƙin nan har cikin ƙulluna yake sauka. Ka mayar da wutar bakin kogi mana."

Shi kuma ya ce, "In kai bakin kogi, 'yan sa-ido su koyi sana'ata a banza? Hayaƙin da kike raina shi ke kawo miki garin gurasar."

Wata Juma'a yayan Nuriya, Ustaz Sabah, malamin makaranta, ya zo cin abincin rana. Ya tarar da Banin ta tara tokar dalma a murfin kwalba tana girkin wasa, har tana ɗanɗana gishiri. Ya ɗauke ta cak ya wanke mata hannu da baki.

Ya ce, "Falih, sunan abin nan ma ya isa ya ba ka tsoro. Rasas muke ce mata da Larabci, kalmar ta fito daga danne abu a matse shi har ya zauna daram. Da ita magabata suke liƙe duwatsun gini don kada su motsa. Shi ne kuma sunan da muke kiran harsashi. Wannan ce za ka bari yarinya ta lasa?"

Falih ya kwashe da dariya. "Ustaz, darasin ya ƙare ko a kawo maka alli? Ubana ya narka dalma, kakana ya narka, kowannensu sai da haƙoransa suka zube don tsufa."

"Su ba a gida suka yi ba, kuma ba batiri suke fasawa ba."

"To ka ci kifinka. Da dalmata aka kamo shi."

Ustaz Sabah bai ƙarasa cin abincin ba, ya sa takalmansa ya fita.

Abin bai zo da hayaniya ba. Banin ta fara ƙin abinci. Sai ciwon ciki, sai kuka ba dalili. Kalmomin da ta sani suka dinga zubewa ɗaya bayan ɗaya. Wata safiya tana tafiya ta yanke jiki ta faɗi, idanunta suka juye, jikinta ya kama jijjiga.

Nuriya ta ɗauki mayafi za ta asibiti. Mahaifiyar Falih, Hajiya Sabiha, ta tare ƙofa.

Ta ce, "Wane asibiti? Wannan kambun baka ne. Yarinya mai wayo haka, kowa na yabonta babu mai cewa tubarkalla. A zuba mata dalma."

Haka ake yi a yankinsu tun kaka da kakanni. A lulluɓe mara lafiya da zane, a riƙe kwanon ruwa a saman kansa, a tsiyaya narkakkiyar dalma a ciki, a duba siffar da ta fito.

Falih ya ce, "Inna ta faɗi gaskiya. Ni ma na san masu baƙin ciki da ni." Da hannunsa ya zaɓo dalma mafi kyau, ya narka a cikin ɗaki, ya rufe taga don kada maƙwabta su gani. Dalma ta faɗa ruwa ta yi cuu, tururi ya cika ɗakin. Hajiya ta ɗago dunƙulen tana murna. "Kun gani? Ga idanun maƙiyan nan tsuru-tsuru!"

Kullum da safe ake maimaitawa. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan, raina ɓaci yake. Babu maƙiyin yarinyar nan a ɗakin, duk masoyanta ne.

Ranar da jijjigar ta ƙi tsayawa, Nuriya ba ta nemi izinin kowa ba. Ta saɓa 'yarta ta fita, Falih na biye da ita ko hula babu.

Bayan gwajin jini likita ta kira su. Ta ce, "Dalma ce ta cika mata jini. A ina take samunta?"

Falih, mai amsar kowace magana, ya sunkuyar da kai. Nuriya ce ta ce, "A tsakar gidanmu."

Da ƙyar ya buɗe baki. "Likita, za ta fita?"

"Ta cikin jini za mu rage. Ɓarnar da ta yi a ƙwaƙwalwa kuwa, ba ni da maganinta."

Banin ta rayu. Falih ya fasa tukunyar, ya kwashe ƙasar tsakar gidan kaf ya zubo sabuwa. Amma bakin Banin bai dawo ba. Yanzu sa'anninta suna wucewa makaranta, ita tana zaune a dokin ƙofa, yawu na zuba a rigarta. Shi yake goge mata. Yakan durƙusa a gabanta ya ce, "Banin, ce Baba. Sau ɗaya kawai."

Sai ta kalle shi kamar baƙo, ta juya kai.

Darasi: Girman kai ba mai shi kaɗai yake ci ba, yakan fara ta kan wanda ba shi da bakin kare kansa. In an yi maka gargaɗi, saurara tun abin yana hannunka. Ku tura wa duk mai sana'ar guba a cikin gida, ko Allah ya sa a tsirar da ɗan wani.