Tsutsa Mai Kai Biyu

An ce wani sarki ne aka yi mai saurin fushi, wanda ya ji haushin mutanen ƙetaren kogi, ya hana fito, ya ce kada manzo ya je, kada ya zo. Da shiru ya yi yawa, ga rigingimu ba mai rabawa, sai mutanen suka naɗa wani dattijo, Tanimu, ya riƙa yi musu shari'a. Sarki ya sa aka kamo shi, ya ce a sare masa kai.

Abin ya hana Malam Jatau, masanin fada, sukuni, don ya san tsohon nan ko kaza bai taɓa ƙwata ba. Ya roƙi a jinkirta zuwa tsayuwar wata. Ya kawo wasu tsutsotsi biyu masu faɗi daga ƙarƙashin duwatsun rafi, ya datse wa kowacce kai da wutsiya a gaban sarki. Ya sa kowacce a ƙwaryarta, ɗaya ya bar ta a ruwa zalla, ɗaya ya ɗiga mata wani magani. Fadawa har da dariya, wai malam ya fara taɓuwa.

Da wata ya tsaya aka buɗe ƙoren. Ta farko ta tsiro da kai da wutsiya, tana yawonta. Ta biyun kuwa, kai gaba, kai baya, kowanne na jan nasa wajen.

Sarki ya tambayi dalili. Malam ya ce ƙwayoyin naman jikinta aika wa juna saƙo suke yi, kowacce ta san inda take da abin da ya rage a gina. Wannan zancen ya girmi baki da kunne, tun halittun farko na cikin ruwa Allah Ya ba su shi, kuma da irinsa rauninmu ke warkewa. Maganin bai yi komai ba illa tare saƙon.

"Ya sarki, wanne kai za a sare?"

"Na bayan mana, shi ne ƙari."

"Wani zai tsiro, ranka ya daɗe. Naman bai yi tawaye ba. Ya saurara ne bai ji kai ba, ya ɗauka babu."

Sarki ya daɗe yana kallon ƙwaryar, kunya ta rufe shi. Ya sa aka kwance Tanimu, ya ce da jirgin farko za su haye tare.

Ya ce, "Wanda ya toshe hanyar kuka, shi ya kamata a fara tuhuma."